RANA IRIN TA YAU: 27 GA WATAN AGUSTA A NGURU DA GASHUWA

Ƙarshen watan Agusta a arewacin Yobe lokacin marka ne. Gero ya fid da kai amma bai isa girbi ba, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, kogi kuwa ya kawo iya wuya, har masu gidaje a bakin gaɓa a Gashuwa ba su yin barci mai nauyi. A cikin irin wannan yanayi ne, ran Talata 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya yi wa jama'ar ƙasa jawabi ta rediyo da talabijin, ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi tara. A ranar mutumin Nguru da mutumin Gashuwa sun wayi gari 'yan Jihar Barno, kashegari kuwa suka tashi 'yan Jihar Yobe, alhali ba wanda ya gusa daga ƙofar gidansa.

Al'adar wannan fili ce a ɗauki rana guda a cikin kalanda a duba abin da ya auku a cikinta, da waɗanda aka haifa, da waɗanda suka kwanta dama. Galibi haɗuwar irin waɗannan al'amura a rana ɗaya dace ne kurum, kamar yadda fatake daga garuruwa dabam-dabam kan sauka a zango ɗaya ba da shawara ba. Amma a tarihin Nijeriya 27 ga Agusta ta sha bamban, domin mutum guda ne ya zaɓe ta, ya yi ta ɗora mata kaya har sau uku.

Kaya na farko ya sauka ne a 1985, shi ma ran Talata. Ana cikin hutun Babbar Salla, mata na fama da suyar naman layya, sai aka ji kiɗan soja a rediyo, sa'an nan muryar Birgediya Joshua Dogonyaro ta biyo baya tana cewa an kawar da gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari. Mataimakin Buhari, Manjo-Janar Tunde Idiagbon, yana ƙasa mai tsarki wajen aikin Hajji. Aka kama Buhari a Ikko, aka tsare shi har ƙarshen 1988. Can daga baya a wannan rana Manjo-Janar Sani Abacha ya sanar da cewa Babangida, wanda a lokacin shi ne Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa, shi ne sabon shugaba.

Mutumin bakin iyaka yana da dalilin kasa kunne ga wannan sanarwa fiye da kowa. Tun watan Afrilu na 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta canza kuɗi cikin 'yan kwanaki, ga shi kuwa a shekarar damina ta yi gardama tun daga Barno har Damagaram. Nguru gari ne da ke shan iska ta ƙofar arewa: shanu da raƙuma da kanwa da dabino suna gangarowa daga Nijar ta wajen Machina, hatsi da kayan kanti suna haurawa. Da aka rufe wannan ƙofa kowane ɓangare ya ji a jikinsa, har ma a Nijar mutane suka sa wa yunwar 1984 suna El-Buhari, sunan da dattawan can ba su manta ba. Sai a 1986 sabuwar gwamnati ta sake buɗe iyakokin.

'Yan jarida su ma sun yi murna da farko. Babangida ya soke Dokar Soja mai lamba 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, ya kuma saki tsararru masu yawa. Amma daɗin bai daɗe ba, kuma a nan ne Gashuwa ta shiga labarin ta wata ƙofa da ba ta nema ba. A 1989 gwamnatin ta kama shahararren lauyan nan na Ikko, Cif Gani Fawehinmi, wanda ya matsa mata lamba kan shirin tsuke bakin aljihu da kuma kisan ɗan jarida Dele Giwa, ta ɗauko shi tun daga bakin teku ta kawo shi kurkukun Gashuwa. Daga nan sunan garin ya zama abin tsoratarwa a jaridun kudu, watau wurin da ake kai mai taurin kai don zafi da nisa su hore shi. Gari mai sarauta, mai kogi, mai kasuwar kifi da shinkafa, amma da yawa daga mutanen kudu ba su san shi da kome ba sai gidan yari.

Kaya na biyu shi ne na 1991. Gwamnati ce take bikin cika shekara shida da juyin mulkinta, ta raba wa jama'a goron biki, goron kuwa jihohi ne. Aka yanki Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Taraba daga Gongola, Kogi daga Binuwai da Kwara, Yobe daga Barno, sauran huɗun kuma a kudu, jihohin Tarayya suka tashi daga 21 zuwa 30. Dattijon Gashuwa da aka haifa zamanin En'e ya zauna ke nan a Lardin Barno, ya zauna a Jihar Arewa Maso Gabas daga 1967, ya zauna a Jihar Barno daga 1976, kuma a duk waɗannan sauye-sauye hedkwata ba ta bar Maiduguri ba. Mai neman sa hannu a takardar fansho ko ta ƙarin girma sai ya yi guzuri kamar mai tafiya fatauci. Wannan nisa shi ne babbar hujjar masu neman jiha, hujja ce kuwa mai ƙarfi. Sai dai da aka zo zaɓen hedkwata ba a ba Fataskum ba, ba a ba Nguru ko Gashuwa ba, ko da yake duk sun fi kasuwa a lokacin. Aka ba Damaturu. Aka naɗa Sani Daura Ahmed ya riƙe sabuwar jiha na 'yan watanni, a Janairun 1992 kuma ya miƙa wa zaɓaɓɓen Gwamna, Alhaji Bukar Abba Ibrahim. Sunan jihar ma daga arewa aka ɗauko shi, domin a kusa da Gashuwa ne Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suke gamuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke gangarawa ta Gaidam zuwa Tafkin Cadi.

Wani abin mamaki, a wannan rana ɗaya, 27 ga Agusta, 1991, wata ƙasa a gabashin Turai mai suna Moldoba ta yi shelar ɓallewa daga Tarayyar Sobiyet. Ita da Yobe tagwaye ne ke nan, ko da yake ba su san juna ba, kuma Yobe ta fi ta faɗin ƙasa.

Kaya na uku shi ne wanda ya gagari mai shi. Bayan an ɗaga ranar miƙa mulki ga farar hula sau da dama, sai Babangida ya tsai da 27 ga Agusta, 1993. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni, aka soke shi, ƙasa ta ɗauki zafi, ran 26 ga Agusta ya sauka ya bar wa Cif Ernest Shonekan gwamnatin wucin gadi, saura kwana ɗaya tak ya cika shekara takwas. Gwamnatin Shonekan ba ta kai wata uku ba Abacha ya karɓe.

To, a bar Nijeriya haka a leƙa duniya, domin ranar tana da wasu labaran da suka girmi waɗannan, waɗansunsu kuwa in an bi sawunsu a hankali sai a ga sun ɓullo a arewacin Yobe.

Ran 27 ga Agusta, 1896, aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowane yaƙi gajarta a tarihi, a tsibirin Zanzibar da ke gabashin Afirka. Sarkin Zanzibar, Hamad bin Thuwaini, ya rasu ran 25 ga wata, ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya shiga fada ya hau gado ba da iznin Ingilishi ba. Suka ba shi wa'adin ƙarfe tara na safe ya sauke tuta ya fita. Ya ƙi. Ƙarfe tara na wucewa jiragen yaƙinsu da ke tsaye a bakin gaɓa suka buɗe wa fada wuta, kafin minti arba'in kome ya lafa. Mutanen Sarki wajen 500 aka kashe ko aka raunata, a ɓangaren Ingilishi kuwa mutum ɗaya ne ya ji rauni. Khalid ya fake a ofishin jakadan Jamus, Turawa suka naɗa wanda suke so. Jagoran jiragen nan, Harry Rawson, shi ne bayan wata shida ya jagoranci rundunar da ta ƙone birnin Bini ta kwashe kayan fadar Oba a 1897. Darasin da aka koyar a Zanzibar, watau cewa daga yanzu mai igwa shi ke naɗa sarki, shi aka zo aka maimaita a Barno a 1902, a Kano da Sakkwato a 1903.

Cikin waɗanda aka haifa a wannan rana kuwa, wanda ya fi dacewa mutumin Yobe ya san sunansa shi ne wani malamin falsafa Bajamushe, Hegel, da aka haifa a birnin Stuttgart a 1770. Turawa suna lissafa shi cikin manyan masu zurfin tunaninsu. Amma a cikin laccocinsa kan tarihin duniya ya fitar da Afirka ta baƙar fata daga lissafi, yana ganin ba ta da wani tarihi da za a tsaya a kai. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. A shekarar da aka haife shi Birnin Gazargamu, babban birnin daular Barno, wanda kufansa ke cikin Jihar Yobe ta yau a yankin Gaidam, ya kai shekara 300 da kafuwa, tun zamanin Mai Ali Gaji. Limamin birnin, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da Larabci kusan shekara 200 kafin haihuwar Hegel. Nguru kuwa ita ce mazaunin Galadiman Barno, wanda aka danƙa wa tsaron yammacin daula da lura da hanyoyin ƙasar Hausa. Hegel yana raye yana koyarwa sa'ad da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi da Muhammadu Bello suke musayar wasiƙu kan halaccin jihadi, kowa yana kafa hujja da littattafai. Yana raye kuma sa'ad da Badawa suka taru a ƙarƙashin Lawan Babuje suka gina ganuwar Gogaram don kare kansu, garin da ya zama fadar Mai Bade har zuwa 1946 da aka komo Gashuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, ko da kuwa mai shi shehun malami ne.

Allah da ikonSa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa wajen rushe wannan ra'ayi a rana irin wannan ya rasu. Shi ne Dokta W. E. B. Du Bois, baƙar fatar Amurka na farko da ya sami digirin dokta a Jami'ar Harvard, wanda kuma ya yi karatu a Jami'ar Berlin inda Hegel ya koyar a dā. Ya zo Nijeriya a 1960 wajen rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna-Janar, sa'an nan ya koma Ghana da zama bisa gayyatar Kwame Nkrumah don ya shugabanci aikin tattara ilmin Afirka a babban kundi guda. Ya rasu a Ankara, babban birnin Ghana, ran 27 ga Agusta, 1963, yana da shekara 95. Kashegari aka yi gagarumin gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington, a can ne dubban jama'a suka ji labarin rasuwarsa.

Wanda ya sa hannu a dokokin da masu gangamin suke nema, shi ma ɗan wannan rana ne. An haifi Lyndon Johnson a jihar Texas ran 27 ga Agusta, 1908, ya fara da aikin malamin makaranta, ya zama Shugaban Amurka a Nuwamban 1963 sa'ad da aka harbe Kennedy. Shi ya sa hannu a dokar haramta wariyar launin fata ta 1964 da dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965, amma yaƙin Biyetnam ya cinye masa suna har ya fasa neman zaɓe a 1968. A rana ɗaya da shi, a shekara ɗaya, aka haifi Donald Bradman a Ostireliya, gwanin wasan kurket da masana wasan ke cewa ba a yi kamarsa ba, ko da yake a Nguru da wuya a sami wanda zai bar kallon dambe don wannan wasa. A 1941 kuma aka haifi mawaƙiya Cesaria Evora a tsibiran Kef Bad, wadda ta zaga duniya tana waƙa ba takalmi a ƙafarta. Ranar ta ga aman wutar dutsen Karakatau a Indunisiya a 1883, wanda ya hallaka mutum fiye da 36,000. Ta ga manyan ƙasashe sun taru a Paris a 1928 sun sa hannu cewa sun haramta yaƙi, ta kuma ga Jamus ta tashi jirgin sama mai injin jet na farko a 1939, saura kwana biyar a fara Yaƙin Duniya na Biyu.

Amma duk cikin abubuwan da suka faru a ƙetare a wannan rana, babu wanda ya taɓa tukunyar mutumin Nguru kamar abin da ya auku a 1859 a wani ƙauye mai suna Titusville a jihar Pennsylvania ta Amurka. A can wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Edwin Drake, ya yi ta haƙa rami mutane suna yi masa dariya, har ran 27 ga Agusta bututunsa ya kai zurfin ƙafa 69 ya tarar da mai. Daga wannan rijiya ake lissafin farkon sana'ar man fetur ta zamani. Shi Drake bai ci moriyar abin ba, a cikin talauci ya ƙare. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1956, aka haƙo mai a Oloibiri, a 1958 Nijeriya ta fara sayar da shi waje.

Kafin wannan mai, Nguru tana cikin garuruwan da ke ciyar da baitulmali. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano, mai tsawon kimanin kilomita 230, ta iso garin a 1930, a nan kuma ta tsaya. Kasancewarta ƙarshen dogo ya sa duk abin da yammacin Barno da kudancin Nijar suka noma ko suka kiwata sai ya biyo ta nan: gyaɗa, da ƙaro, da fatu da ƙiraga, da shanu a tsaye da nama a yanke, da busasshen kifi daga fadamu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo suka zo, Hausawan Kano da Haɗeja suka cika unguwanni tare da Mangawa da Fulani da Badawa, har garin da ke cikin Lardin Barno ya zama fuskarsa na duban Kano, harshen kasuwarsa kuma Hausa. Da kaka raƙuma da jakuna da manyan motoci suna sauke buhuna a bakin tasha, 'yan dako suna ɗorawa a taragu, jirgi yana jan su zuwa Ikko. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa a ƙetare.

Sai abubuwa uku suka haɗu a kan gyaɗa cikin 'yan shekaru. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta gama da abin da ya rage, kuɗin mai kuma da ya yi tashin gwauron zabo daga 1973 ya sa gwamnati ta daina damuwa da ko manomi ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba. Wanda ya sami rijiyar da ke ɓuɓɓugo da kuɗi ba ya tsayawa lissafin buhu. Aka mai da hankali ga kwalta da manyan motoci, aka bar dogo yana tsatsa, daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a ƙasa baki ɗaya, garin da ke ƙarshen layi kuwa shi ya fi jin jiki. A 1986 gwamnatin nan ta 27 ga Agusta ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. Saboda haka sa'ad da aka ba Nguru sabuwar jiha a 1991, an ba ta ne bayan abin da ya gina ta ya riga ya tafi, jihar kuwa, kamar yawancin 'yan'uwanta, da kason kuɗin mai da ake rabawa wata-wata aka yaye ta, da shi kuma take biyan yawancin bukatunta.

Ba a ce jihar ba ta kawo kome ba. Faɗin haka rashin adalci ne. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013 ban da tsohuwar kwalejin horon malamai ta Umar Suleiman, Nguru ta sami masarautarta, ɗan Gashuwa kuma, Sanata Ahmad Lawan, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Da ana Jihar Barno har yau da wuya a ce rabon ya kai haka. Amma gini da muƙami abu ne da ake iya yanka masa kyalle a sa masa rana. Abin da ya fi damun talakan yankin ba shi da irin wannan rana, shi ne ruwa.

Hanyar wannan labari ta biyo ta Habasha. Ran 27 ga Agusta, 1975, Sarki Haile Selassie ya mutu a tsare yana da shekara 83, shekara guda bayan sojoji sun tuɓe shi. Mutumin da ya karɓi baƙuncin kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a 1963, sai a shekarar 2000 aka yi masa jana'iza irin ta sarakuna. Babban abin da ya kayar da shi yunwar lardin Wollo ce ta 1973, wadda fadarsa ta yi ƙoƙarin rufewa. Farin waɗannan shekaru ya ratsa nahiyar tun daga Habasha har Senegal, shi ne kuma ya kashe shanu a Nguru da Gashuwa. A daidai lokacin ne aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, don Kano ta sami ruwan sha da noman rani, a 1992 kuma aka ƙara ta Challawa. Ga mutumin Kadawa da Kura wannan alheri ne da ba ya musuntuwa. Amma ruwan da aka tare a can, shi ne wanda a dā yake malalowa kowace damina ya shafe fadamun Haɗeja da Nguru, ya bar taki, ya ja da baya da rani, manomi ya bi sawunsa da shinkafa da alkama, masunci ya kama kifi, makiyayi ya sami ciyawa.

Da aka gina madatsun sai tsarin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya hana hanyoyin kogi bushewa da rani. Wurin da ba ya bushewa shi ciyawar kachala take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwan Haɗeja ya rasa hanyarsa ta gabas ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka gonaki da ƙauyuka a wajen Nguru suka nutse, waɗanda ke ƙasa kuma suka rasa ruwan da suka saba gani. Kachala ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, ta zama matattarar sauro. Gashuwa ta koma dogaro ƙwarai da Kogin Jama'are, shi ya sa duk sa'ad da aka ta da zancen gina madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi sai hankalin mutanen Yobe da Barno ya tashi. Ga kuma ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewayenta shekara da shekaru, har masana daga jami'o'i suka shiga binciken ruwa da ƙasar yankin.

Duniya ta san darajar waɗannan fadamu. Tsuntsaye daga Turai suna ƙetaro hamada su yi hunturu a Dagona cikin ƙasar Bade, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo ganinsu a 1989, a shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Sai dai jawabin nan na 1991 ya ƙara wa al'amarin wuya ta wata fuska. A dā tsakanin Tiga da Gashuwa gwamnoni biyu ne, na Kano da na Barno. Daga ranar suka zama uku, Kano mai madatsa, Jigawa mai tsakiya, Yobe mai jiran abin da ya rage, Barno kuma tana can ƙasa tana jiran ragowar ragowa. Sai a 2006 jihohi shida da kogin ya shafa suka taru a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. Duk shekara in 27 ga Agusta ta zagayo akan yi jawabai a Damaturu da Dutse, a lissafa hanyoyi da makarantu. Da za a keɓe ko da sa'a guda a cikin bikin a tambayi mahukunta kilomita nawa na kachala aka share bana, da bikin ya fi amfani ga mai kwalekwale.

Saura magana ɗaya game da ita kanta ranar. Haɗuwar nan duk a kalandar Turawa take. A lissafin Hijira juyin mulkin 1985 ya faɗo cikin Zulhajji na 1405, ƙirƙiro Yobe kuwa cikin Safar na 1412, ba abin da ya haɗa su. Mutanen Habasha ma a nasu lissafin shekarar 1967 Sarkinsu ya mutu. Kakannin mutanen Nguru da Gashuwa ba su riƙe haihuwa da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙe ta: wane an haife shi shekarar da jirgi ya iso, wance shekarar fari, wane shekarar da aka canza kuɗi. Ranar mako kuwa suna ne ke adana ta, shi ya sa ake da Ladi da Altine da Balarabe da Jummai da Asabe, ake kuma da Sallau da Azumi da Anaruwa. Jaririn da ya zo duniya a Gashuwa ranar da Dogonyaro ya yi magana, ba mamaki Sallau ake ce masa har yau.

Waɗanda aka haifa tare da jihar, ran Talatar nan ta 1991, yanzu sun haura shekara 30, waɗansu malaman makaranta ne, waɗansu masunta, waɗansu suna da 'ya'ya a sakandare. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa sai a 1992 aka yi ta, ba ta kuwa isa ƙauyukan fadama da wuri ba. Da yawansu sai da za su shiga jarrabawa ko neman aiki suka je kotu aka yi musu takardar shaidar shekaru, magatakarda ya tambayi rana, aka dubi juna, ya rubuta 1 ga Janairu. A gida dai ana kiransu Talatu da Ɗantala.